Zauren Tambaya da Amsa: Kuɗin Goro, Hakkin Mata da Mulkin Jama'a

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne ga darussan Nazarin Zamantakewa, waɗanda yaranmu ke karantawa a aji, manya kuma ke karo da su a kasuwa da layin zaɓe. Malaman wannan fanni ne suka amsa, da taimakon masana shari'a a inda magana ta shafi doka.

Wata ɗaliba 'yar aji 3 na ƙaramar sakandare, daga Tudun Wada, Kaduna: Assalamu alaikum. An koya mana kalmomi uku, kuɗin goro da ƙyama da wariya, amma ni duk abu ɗaya nake ganinsu. A kansu na faɗi gwajin da ya wuce. Don Allah a bambance mini su.

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi kanki inda kowanne yake zaune. Kuɗin goro a kai yake, domin tunani ne. Ƙyama a zuciya take. Wariya kuwa a hannu take, saboda aiki ce da ake aikatawa.

Ga mai gida yana da ɗaki biyu da falo na haya a Unguwar Dosa. A ransa ya riƙe cewa mutanen ƙabila kaza ba sa biyan kuɗin haya a kan lokaci. Bai zauna da ko goma daga cikinsu ba, amma ya yanke wa miliyoyi hukunci. Wannan shi ne kuɗin goro. Ranar da wani ɗan ƙabilar ya yi sallama a ƙofarsa, tun kafin baƙon ya faɗi abin da ya kawo shi, mai gida ya ji ransa ya ɓaci, ya ɗaure fuska. Wannan ƙyama ce. Da ya kira dillali ya ce, "Kada ka sake kawo mini irinsu," ya mayar wa mutumin kuɗinsa alhali ya cika duk sharaɗi, to ya yi wariya. A jarrabawa, idan kin ga jimla mai ɗauke da "duk" ko "kowane" ko "ai haka suke", amsar kuɗin goro ce. Idan kin ga an hana wani aiki ko gurbin karatu ko haya, amsar wariya ce.

Bambancin yana da amfani a wajen aji, domin doka ba ta iya shiga kan mutum ko zuciyarsa, aikinsa kawai take kamawa. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta a tauye wa ɗan Nijeriya wani hakki, ta hanyar doka ko ta aikin hukuma, saboda ƙabilarsa ko garinsu ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa ko yanayin haihuwarsa. Gyaran kai da zuciya kuwa aikin gida ne da makaranta da masallaci da coci.

Kalmar da littafinku na Turanci ke kiran kuɗin goro da ita, sitiriyotaif, daga maɗaba'a ta samo asali. Faranti ne na ƙarfe da ake zuba wa siffar shafi, a riƙa buga dubban kwafi da shi ba tare da ko harafi ɗaya ya canza ba. Wani ɗan jaridar Amurka, Walter Lippmann, shi ya yaɗa amfani da ita a kan mutane a 1922. Hoto ɗaya ne mutum ke riƙewa, yana buga shi a fuskar duk wanda ya gamu da shi.

Ta hanya uku yake shiga. Akwai gado, wato abin da yaro ya ji ana faɗa a tsakar gida tun bai san ma'anarsa ba. Akwai labari ɗaya da ya yi zafi, kamar a ce wani ya cuci kawunki a ciniki, sai a shafa wa danginsa duka, wake ɗaya ya ɓata gari. Ta ukun ita ce mafi wuyar ganewa: zuciya tana adana abin da ya gaskata zatonta, tana watsar da wanda ya ƙaryata shi. Mai gidan nan zai tuna ɗan haya ɗaya da ya gudu da kuɗinsa shekara goma da suka wuce, ya manta da biyar da suka biya ba tare da an tambaye su ba. In ma an tuna masa da su, sai ya ce, "Ai su daban ne."

Ki kuma lura, har yabo yana iya zama kuɗin goro. Cewa 'yan ƙabila kaza duk sun iya kasuwanci, ko mata duk sun fi tausayi, yana da daɗin ji, amma yakan rufe wa mutum ƙofar abin da ya fi iyawa.

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Barci: Malamai, mu a kasuwa kullum muna tsokanar juna. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, ba wanda ke fushi. Shi ma wannan laifi ne? Kuma gaskiya wasu abubuwan da ake faɗa a kan ƙabilu na gan su da idona.

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Wasan da kake magana a kai tsohon gado ne mai daraja. Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, duk abokan wasa ne, kuma wasan ya kashe wutar rigingimu da yawa. Amma yana da ƙa'idoji ko da ba a rubuta su ba. Kowa yana da damar ramawa. A gaban mutum ake yi, ana dariya tare da shi. Kuma ba ya taɓa ciniki: bayan ka gama ce wa Babarbare bawanka ne, za ka ba shi kaya bashi, in an yi masa rasuwa ka rufe rumfa ka je jana'iza. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, wato ana faɗa a bayan idon mutane, ko wanda ake faɗa wa ba shi da bakin ramawa, ko maganar ta hana shi rumfa ko aure ko aiki, to ya tashi daga wasa.

Batun abin da ka gani da idonka, ba mu ƙaryata ka ba. Tambayar ita ce mutum nawa ka gani, kuma su wa ka gani. Wanda ke zaune a rumfa yana ganin waɗanda ciniki ya kawo ne kawai, bai ga malamansu da manomansu da tsofaffinsu ba. Ba a taru aka zama ɗaya ba. Kai ma ba za ka yarda a auna ka da ɗan garinku da ya fi kowa ha'inci ba, kuma Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Mu a Kaduna wannan magana ba ta cikin littafi ba ce. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane sun yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Yau akwai yaron da ya tashi a Rigasa bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da yaron Sabon Tasha ba, na can ma haka. Abin da kowannensu ya sani game da ɗaya jita-jita ce. Abin tsoro ne ƙwarai, domin a Ruwanda sai da aka daɗe ana kiran 'yan Tutsi kyankyasai a rediyo kafin a kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100 a 1994.

Masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna a 1954 cewa cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya ba ubangida da bara ba, a kan buƙata ɗaya, ana taimakon juna ba gasa ba, shugabanni kuma su goyi bayan haɗuwar. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke yin adashi tare, ko take haɗa kuɗin masu gadi, ta cika duka huɗun. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a dā kowannensu ke jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba da juna, a nan garin suka kafa cibiyar sasanci tare a 1995.

Wani malamin ƙaramar sakandare daga Kawo: An ce mana a taron bita malamai na fifita maza a aji ba tare da sun sani ba. Ni ban yarda ina yi ba. Yaya zan gane?

Malam, kada ka tambayi zuciyarka, za ta wanke ka. Ƙirga za ka yi.

Roƙi wani abokin aikinka ya zauna a bayan aji na darasi biyar, da takarda mai gida biyu, maza da mata. Duk lokacin da ka nuna wani ya amsa tambaya, ya ja layi a gidan da ya dace. Kada yara su san abin da yake yi, kai kuma ka koyar yadda ka saba. In ajinka na da yara 60, mata 25 maza 35, ka yi tambaya 24, adalci shi ne mata su samu wajen 10. In 4 suka samu, ga amsarka.

Adadi kaɗai bai isa ba. Ya kuma sa alama a kan irin tambayar. Sau da yawa ana ba yarinya tambayar hadda, "Jihohi nawa ne a Nijeriya?", a ba yaro tambayar tunani, "Me ya sa aka ƙirƙiro jihohi?" Ya duba agogo: daƙiƙa nawa kake jira in yaro ya yi shiru, nawa in yarinya ce? Malamai da yawa kan ce wa yaro, "Sake gwadawa, ka kusa," yarinya kuwa a ce, "Zauna, wa zai taimake ta?" Ya rubuta kalmomin yabonka. In ita ana yaba mata da tsafta da ladabi da kyan rubutu, shi kuma ana ce masa mai ƙwaƙwalwa, yara sun gane saƙon tun kafin ƙarshen zango.

Sai makin jarrabawa. Ka sa su rubuta lamba maimakon suna, ko ka naɗe saman takardar ka sa fil kafin ka fara dubawa, musamman a tambayoyin bayani inda hukuncinka ke aiki. Wannan ba zargi ba ne. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya, sai dai wasu an sa mata sunan namiji, wasu sunan mace. Malaman sun fi ganin cancantar mai sunan namiji, sun kuma yanka masa albashin da ya ɗara nata da kusan dala 4,000 a shekara. Malamai mata ma haka suka yi. Masu ilimi ne, kuma da an tambaye su da sun rantse ba sa bambanci.

Duba jadawalin aikin aji. Wa ke shara da ɗebo ruwa? Wa ke zama monita? A ɗakin gwaji, wa ke riƙe kayan aiki, wa ke rubuta sakamako? Ka mayar da komai zagaye. Duba misalan da kake bayarwa a allo, in kullum baba ne likita mama na wanke-wanke, ka sauya wasu.

Rajistar kiran suna tana da labari mai yawa. Yarinyar da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu kowane wata ba lalaci ba ne. Galibi makarantar ba ta da bayan gida mai ƙofa da ruwa, ko gidansu ba kuɗin audugar mata. Wannan magana ce ta malama mace da uwar yarinya da kwamitin iyaye, ba ta bulala ba. Wadda ke zuwa ƙarfe tara kullum, bincika ko talla take fara yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, mace ko namiji, kuma wannan hujja ce da za ka iya kai wa iyaye cikin ladabi.

Maza ma ana yi musu. Laifi ɗaya, yarinya a yi mata faɗa, yaro a zane shi, wai maza ba sa ji sai da duka. Yaron da ya fi son girki ko ɗinki a mayar da shi abin dariya. Wannan ma ka ƙirga shi.

Inda gyaran ke lalacewa shi ne malam ya shigo ranar Litinin ya ce daga yau mata za su riƙa amsawa, ya tsayar da mai kunya ta yi kuskure, aji ya fashe da dariya, ba ta sake ɗaga hannu ba har ta gama makaranta. Fara da kafa doka cewa ba a yi wa mai kuskure dariya. Sannan ka rubuta sunan kowa a guntun kwali, ka zuba a gwangwani, ka riƙa zarowa. Ka ba kowa daƙiƙa biyar cikakku kafin ka wuce. Bayan wata ɗaya abokin aikin naka ya dawo da takardarsa.

Wata Hajiya daga Sabon Garin Zariya: Jikata ta ce wai matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai bayan an daɗe da samun 'yanci. Gaskiya ne? Kuma mu ne muka fi cika layi ranar zaɓe, me ya sa ba ma ganin mata a majalisa?

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Jikar taki ta yi karatu. Matan kudu sun fara jefa ƙuri'a tun shekarun 1950, amma a Jamhuriya ta Farko macen Arewa ba ta da ƙuri'a. Sai a 1976, lokacin gyaran ƙananan hukumomi, aka ba ta, babban zaɓen farko da ta shiga kuwa shi ne na 1979. 'Yar unguwarku, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta sha ɗauri da duka a kan wannan hakki. Duk macen da ta dangwala yatsa a Arewa yau tana cin guminta.

Masu cewa shugabancin mata baƙon abu ne a ƙasar nan su waiwayi tarihi. Sarauniya Amina 'yar Zazzau ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato malamai mata, ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. A zamaninmu Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Jihar nan ta Kaduna ta fitar da ministocin kuɗi mata biyu, Nenadi Usman da Zainab Shamsuna Ahmed, kuma Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna ta hanyar zaɓe a 2019.

Duk da haka lissafin abin kunya ne. Bayan zaɓen 2023 da shari'o'insa, mata huɗu ne cikin sanatoci 109, a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 kuma ba su kai 20 ba. Ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta sa burin ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, amma a watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran kundi biyar da suka shafi mata.

Matsalar ba a layin zaɓe take ba, tun kafin nan aka gama. Sunan da ke kan takardar ƙuri'a jam'iyya ce ta sa shi, ta hanyar zaɓen fid da gwani, kuma a zaɓen 2023 galibi daliget ne suka yi, daliget kuma daga shugabannin jam'iyya na mazaɓa suke fitowa. A kwamitin mazaɓa kujera ɗaya aka saba bar wa mata, ta shugabar mata, aikinta tara jama'a da rabon atamfa. Sai kuɗi: a 2022 jam'iyyar APC ta sa fam ɗin takarar Majalisar Wakilai naira miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. Jam'iyyu kan yi wa mata rangwame a kuɗin fam, amma fam ƙaramin abu ne a kan kuɗin daliget da na yawon kamfen. Sai tarukan tsakar dare, inda ake yanke shawarar gaske, waɗanda matar aure ba za ta je ba. Sai ɓata suna, wanda shi ne makami mafi arha a kan mace. Ga kuma wadda ta yi aure a wata jiha: garin mijinta a ce baƙuwa ce, garin ubanta a ce ta bar gida.

Saboda haka, Hajiya, in ƙungiyarku ta mata na son canji, ku yanki katin jam'iyya, ku halarci taron zaɓen shugabannin mazaɓa, ku nemi kujerar sakatare ko ma'aji ko ciyaman. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma kujerar kansila ita ce mafi kusa da hannu.

Wani matashi mai gyaran waya daga Rigasa: Mun zaɓi ɗan majalisa, tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Kwatarmu ta cushe, makarantarmu ba rufi. In dimokuraɗiyya mulkin jama'a ce, me za mu iya yi kafin shekara huɗu?

Ɗan'uwa, kundin ya ba ka gaskiya. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaro da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati. Amma kafin ku ɗauki fushi ku kai wa wani, ku san ƙofar da za ku buga, domin koke da yawa a nan yake mutuwa.

Iko kashi uku ne. Majalisa tana yin doka, tana amincewa da kasafin kuɗi, tana sa ido a kan yadda aka kashe shi. Ɓangaren zartarwa, wato shugaban ƙasa ko gwamna ko ciyaman da ma'aikatunsu, shi ke riƙe da kuɗin yana yin aikin. Kotu tana fassara doka tana raba gardama. An raba su ne don kowanne ya taka wa ɗaya birki, kuma jihar nan ta ga ƙarfin birkin: a 1981 majalisar jiha, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP, bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. Wannan ya nuna ƙarfin majalisa, ya kuma nuna yadda ake iya juya ƙarfin zuwa gabar siyasa.

Ɗan majalisa ba shi ke ba da kwangilar kwata ba. Kwatocin unguwa da shara da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu suna cikin ayyukan da kundin ya jera wa ƙaramar hukuma, tana kuma da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi tare da jiha. Ku a Rigasa ƙofarku ta farko kansila ce da sakatariyar Igabi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka tambayar nawa ya shigo, ina ya tafi, halas ce. Aikin ɗan majalisarku shi ne ya sa makarantar a kasafi, ya kuma kira kwamishina ya yi bayani in an sa ba a yi ba.

Ku rubuta takarda shafi ɗaya: sunan makarantar, azuzuwa nawa ne ba rufi, yara nawa ke ciki, da hotuna masu kwanan wata. Mai unguwa da limami da shugaban kwamitin iyaye su sa hannu. Ku yi kwafi uku, ku kai wa ciyaman, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ofishin akawun majalisa a Lugard Hall, ginin majalisar jiha. Duk inda kuka kai, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, domin takardar da ba hatimi ba a taɓa ganinta ba. Ku kai kafin gwamna ya gabatar da kasafi, wanda yawanci a watannin ƙarshen shekara ake yi, ku kuma tura wakili ranar jin ra'ayin jama'a. In an sa aikin, ku riƙe lambar layinsa da adadin kuɗin, da su za ku bi sawu.

Akwai kiranye, sashe na 69 ga 'yan Majalisar Tarayya, na 110 ga na jiha. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai tsauri. A 2018 yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye ya mutu a matakin tantancewa, inda kusan kashi 5 cikin 100 na masu rajista kawai aka tabbatar.

Ranar zaɓe kuma kada ku jefa ku tafi. Ku tsaya a ƙirga a gabanku, a cike fam EC8A na sakamakon akwati, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ku ɗauki hotonsa. In ƙuri'un sun haura adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, soke sakamakon akwatin ake yi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, kuma ɗan siyasa ya san unguwar da ke fitowa da wadda ba ta fitowa.

Wani dattijo mai ritaya daga Kafanchan: In masu rinjaye ne ke mulki, me ya rage wa marasa rinjaye?

Baba, Allah ya ja kwana. Masu rinjaye suna da ikon yanke shawara, amma kundin ya yi musu shinge.

Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum gwamna. Sashe na 179 ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Muna da 23, biyu cikin ukunsu ya ɗan haura 15, don haka ɗan takara 16 yake nema. Ba zai iya tsayawa a yankinsu kaɗai ba. Shugaban ƙasa ma haka ne da jihohi, kuma a kan wannan lissafi aka yi shahararriyar shari'ar sha biyu da biyu bisa uku tsakanin Awolowo da Shagari a 1979, lokacin jihohi na 19. Sashe na 14 kuma ya wajabta wa gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su yi la'akari da bambancin al'ummarsu wajen naɗe-naɗe.

Shinge mafi ƙarfi shi ne Babi na 4: hakkin rai, da mutunci, da shari'ar adalci, da addini, da faɗin albarkacin baki, da taro, da zama ko mallakar fili a ko'ina a ƙasar nan. Ko duka 'yan majalisar jiha 34 sun haɗu, ba za su iya yin dokar da ta soke waɗannan ba. Kotu za ta rushe ta. A 2014 Kotun Ƙoli ta yi amfani da sashe na 42 ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta a ƙasar Ibo, a shari'ar Ukeje, duk da daɗewar al'adar da yawan masu bin ta.

Wanda aka taɓa masa ɗaya daga cikin hakkokin nan, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye. In ba shi da kuɗin lauya, ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a Kaduna. Ya tafi da kwanan watan da abin ya faru, da sunan ofishin ko jami'in da ya yi, da kwafin duk takardar da aka ba shi, da mutum biyu da suka gani kuma suka yarda su ba da shaida.